Yadda Erudayit na Jekadafari Ya Goge Alhaji Joda

A shekarun da kuɗin man fetur suka fara malalowa ƙasar nan, lokacin da kowane ɗan Gombe mai hula yake ganin shi ma ɗan kwangila ne, gano shi ne kawai ba a yi ba tukuna, an yi wani mai gyaran agogo a Jekadafari, Malam Rufa'i. Teburinsa na jingine da shagon Iro tela. In ka kai masa agogo mai sauri, zai dawo maka da shi yana jan ƙafa. In ka koma da ƙorafi, ya ce maka lokacin Landan ya sa maka, kai ne ba ka waye ba. Mu kuwa 'yan unguwa ba abin da muka ƙi jini kamar a ce ba mu waye ba, sai mu ɗaura abinmu mu tafi, muna makara ko'ina cikin alfahari.

Babban jarin Malam Rufa'i labari ne guda ɗaya: wai ranar bikin samun 'yancin kai ya ci abinci da Turawa a gidan baƙi na gwamnati. Waɗanda suka san zancen sun ce lallai yana wurin, shi ne ya riƙe ƙofar da ake shigo da farantai. To, daga bakin wannan ƙofa ya haddace duniya da abin da ke cikinta.

Wata rana da yamma yana cikin yi wa majalisa bayanin abin da ya sa aka sami man fetur a kudu ba a Gombe ba. A cewarsa man namu ne, gangare ne ya ja shi can. Sai ga Malama Margaret, mai koyar da Turanci a makarantar 'yan mata, ta zo karɓar ɗinkinta wurin Iro. Ta tsaya ta ji bayanin har ƙarshe, ta naɗe kayanta a hammata, ta ce, "Malam Rufa'i, kai kam erudite ne."

Malam Rufa'i ya gyaɗa kai kamar wanda aka faɗa wa sunan kakansa. Iro ya tambayi ma'anar kalmar, Malam ya ce masa ba ta tela ba ce. Amma shi kansa bai san ko yabo ne ko zagi aka yi masa a gaban jama'a ba. Washegari da sassafe ya tare Malama a hanyar makaranta, wai ya ga maɗaurin agogonta ya saki. Sai da ya gama zagaye-zagayensa sannan ya ce, don dai ya gwada ta, ita a wurinta mece ce ma'anar kalmar nan ta jiya.

Malama Margaret ta danne dariya ta yi masa bayani tsakani da Allah. Ta ce erudite shi ne mutum mai zurfin karatu, wanda ya san abubuwa da yawa ta hanyar nazari. Kalmar kuma asalinta ba ta Ingilishi ba ce, aro suka yi daga Latin, harshen mutanen Rum na da can, a ƙasar da yanzu ake kira Italiya. A harshen nan rudis shi ne ɗanyen abu, wanda ba a sassaƙa ba, ba a goge ba, kamar katakon da bai ga hannun kafinta ba. Ɗan harafin da ke gaba kuwa fitarwa yake nufi. Wato mutumin da koyarwa ta fitar da shi daga ɗanyantaka.

Malam Rufa'i bai ƙarasa jin zancen nazari ba. Abu biyu ya kama: an fitar da shi daga ɗanyantaka, sauran mutanen Gombe kuwa suna ciki tsundum. Kafin azahar ya sa an rubuta Erudayit da jan fenti a goshin teburinsa. Kafin la'asar ya yi wa mai ruwa, da mai gyaran takalmi, da wata tsohuwa da ta tsaya tambayar hanya bayanin Latin.

A lokacin nan wani kamfanin yin hanya ya kafa sansani a gonakin Tumfure, da leburori kamar fari, kuma kowa ya ji ana neman wanda zai riƙa kai musu nama. Mutum biyu ake ambato. Akwai Ɗantala, mahaucin unguwar Bolari mai baki kamar rediyo. Akwai kuma Alhaji Joda na nan Jekadafari, Bafulatani dogo siriri, mai loda shanu a jirgin ƙasa zuwa kudu, wanda dukiyarsa ta fi maganarsa yawa nesa ba kusa ba. Alhaji har ya sayi sabon babur ya ajiye a zaure, ledar sirdi ma ba a cire ba, ya ce na wanda zai zama wakilinsa ne tsakanin gida da sansani, in Allah ya sa aka dace.

Malam Rufa'i ya daɗe yana wucewa ta ƙofar zauren nan yana satar kallon baburin. Ranar da ya ji cewa Baturen sansanin, Mista Karlo, mutumin Italiya ne, sai ya miƙe tsaye a majalisa kamar an tsikare shi.

"Iro, ka ji ikon Allah? Kalmar kakanninsa ce a goshin teburina. Ni da shi ai 'yan gida ɗaya ne."

"Ta wajen uwa ko ta wajen uba?" in ji Iro, bai ko ɗaga ƙafa daga keken ɗinki ba.

Malam Rufa'i ya zarce gidan Alhaji Joda. Ya bayyana masa cewa Turawa ba a kasuwa suke yanke magana ba, a kan tebur suke yanke ta, da cokali mai yatsu a hannu. A shirya liyafa irin ta ranar 'yancin kai, a gayyaci Baturen, shi Rufa'i ya yi jawabi a kan kalmar kakanninsa, zuciyarsa ta narke, kwangila ta faɗo. Abin da ya rage kawai a goge Alhaji. Ya ce Alhaji katako ne mai kyau, maɗaci ma kuwa, sai dai bai ga kafinta ba.

Alhaji Joda ya yi ta murza carbi. Can ya tambaya ko gugar tana da zafi. Da aka tabbatar masa ba ta da shi, ya ce to, in Bature ya amince, wakilci da babur na Malam ne. Malam Rufa'i ya shafa sirdin a hanyarsa ta fita, ya gaya wa baburin a hankali ya ƙara haƙuri.

Aka fara shiri. Aka aro teburan makarantar firamare, masu tabon tawada da sunayen yara a sassaƙe. Malam Rufa'i ya aika cikin gida a ba shi farin zanen gado a rufe su. Inno, matar Alhaji, ta aiko masa cewa ita a gidan ubanta kan gado ake barci, ba a zuba masa miya. Ya mayar da amsa cewa wannan ita ce ɗanyantakar da ya zo cirewa. Ta aiko da zanen, tare da saƙon cewa in ya dawo da ɗigon manja ko ɗaya, za ta nuna masa yadda ake goge mutum da muciya.

Abinci kuwa ya ce taliya za a yi, tunda sunanta ma ya faɗi garinsu, sai rago guda a gasa, da miyar kuɓewa don kada a ce mun yar da gida. Ya je Bolari ya kwaso cokula masu yatsu. Wuƙaƙen tebur suka gagara samuwa, ya cike gurbin da wuƙaƙen yankan farce na wanzamai. Ranar gwaji na farko ya tara waɗanda za su zauna a tebur, Iro da wasu dattawan layi, ya ce su zuba ido su ga yadda ake yi. Ya soka tsoka da cokali, ya danna wuƙa, tsokar ta tashi sama ta sauka cikin aljihun gaban rigar Iro. Ya ce da gangan ya yi, don su ga abin da ba a so. Ya koma kan miyar kuɓewa da cokali mai yatsu, ya yi ta ɗagawa tana komawa, har dattawa suka fara yi masa sannu.

Duk wannan mai sauƙi ne. Babbar matsala Alhaji Joda ba ya cin abinci a gaban mutane. Tun yana yaro a ruga haka aka tashe shi, namiji mai kunya ba ya bari a ga bakinsa na motsi. Ko a jirgin ƙasa sai ya juya wa jama'a baya ya lulluɓa da rawani sannan ya jefa dabino. Malam Rufa'i ya ce wannan aikin kafinta ne, a hankali ake bi. Da farko ya zauna a ɗakin yana kallon bango, Alhaji na ci a bayansa. Daga nan ya juyo rabi. Da ya juyo gaba ɗaya sai Alhaji ya ajiye cokali ya ce ya ƙoshi. Sai dabara ta zo masa: ya yanko hoton wani Bature daga kalandar kamfanin sabulu, ya jingina a gaban farantin. Alhaji ya dubi hoton, hoton ya dube shi, ya kai loma.

Malam Rufa'i ya kusa yin kabbara. Alhaji ya ce kada ya yi murna da yawa, wannan ba ya ƙifta ido. Amma da aka yi ta fama, ya yarda cewa Bature baƙo ne daga nesa, bai san kowa nasa ba, don haka zai iya daurewa ya kai loma biyu ko uku a gabansa, muddin 'yan unguwa za su dubi farantansu.

Sai Malam Rufa'i ya kafa babbar dokar tebur, wadda ya ce da idonsa ya gan ta daga bakin ƙofa ranar 'yancin kai: ba mai taɓa abinci sai mai gida ya ɗaga cokali. Ya sa dattawa suka maimaita ta kamar karatun allo, ya kuma hana su cin abincin rana a ranar liyafa. Ya hau motar itace har Tumfure, ya sami Mista Karlo, wani gajere mai tumbi da jan wuya, wanda Ingilishinsa bai fi na Malam Rufa'in tsawo ba. Da hannu da ka da ƙafa ya fahimtar da shi cewa ya zo da ciki fayau, kuma a gidan Alhaji wanda ya riga mai gida kai loma ya zagi kakanninsa. Mista Karlo ya dafa ƙirji ya yi alkawari.

Da a nan ya tsaya, da wataƙila yau da wani labarin muke bayarwa. Amma ana jibi liyafa ya tuna cewa a teburin ranar 'yanci akwai wani tsoho mai farin gemu a zaune, kuma shi ya ba wurin kwarjini. Ya duba duk Jekadafari bai ga gemun da ya kai na Arɗo Bamanga ba, mahaifin Inno, wanda ke rugarsa can bayan Tumfure. Ya yanke shawarar ɗauko shi a ɓoye, ya ba Alhaji mamaki.

Iro ya tsayar da keke a karo na farko tun da aka fara zancen. Ya tuna masa cewa surukin Alhaji ne fa, kuma tun da aka ɗaura auren nan ba wanda ya taɓa ganin Alhaji a gaban Arɗo sai a tsugune, daga nesa, ba takalmi.

"Shi ya sa kai tela ne, ni Erudayit," in ji Malam Rufa'i. "Ƙullin da ya fi tauri a katako shi kafinta ke fara bi."

"Kafintan da na sani yatsunsa tara," in ji Iro.

Ranar liyafa, bayan la'asar, aka jera tebura a ƙofar gida, a fili, don Malam Rufa'i ya ce wayewar da ba a gani ba asara ce. Ya aro lasifika da batirin mota. Jekadafari ta fito kwanta da kwarkwata, mata a kan katanga, maza a gindin dalbejiya. Ɗantala na Bolari, wanda ba a gayyata ba, ya zo ya kafa tukubar tsirensa a tsallaken titi, ya ce shi kasuwa ya biyo, inda taro yake nan ciniki yake.

Mista Karlo ya iso a motar kamfani da farar riga, yana shafa tumbi yana murmushi. Aka zaunar da shi. Alhaji Joda ya fito cikin babbar riga, ya zauna a kan kujera a ɗofane kamar mai jiran allura. Aka kawo taliya tana tururi, aka kawo rago an kwantar da shi a kan tire, ƙamshi ya bugi dattawan da suka wuni ba su ci komai ba. Saura kujera ɗaya, wadda ke fuskantar Alhaji. Sai ga tasi ta tsaya, Malam Rufa'i ya ruga ya buɗe ƙofa, Arɗo Bamanga ya fito da sandarsa da farin rawani. An ce masa addu'a ake so ya yi a gidan 'yarsa.

Alhaji Joda ya zare takalmi ya fara zamewa daga kujera zai kai ƙasa. Malam Rufa'i ya cafke wuyan rigarsa ta baya ya mayar da shi, yana raɗa masa cewa Bature na kallo. Kafin Arɗo ya gane abin da ake ciki an danna shi a kujera, ga faranti a gabansa, ga mijin 'yarsa ido da ido. Tsohon ya juya fuska ya kafa wa dalbejiya ido. Alhaji ya sunkuyar da kai ya kafa wa yatsun ƙafarsa ido.

Malam Rufa'i ya hura lasifika ya fara jawabi. Ya yi bayanin Latin, ya yi na Rum, ya yi na ɗanyen katako da kafinta. Ya nuna Alhaji ya ce ga katakon nan an goge, kowa ya shaida. Ya juya wurin Mista Karlo da Ingilishi ya gaya masa cewa kalmar kakanninsa ta yi tafiya mai nisa, yau ta sauka a Jekadafari. Baturen ya gyaɗa kai, idonsa na kan cinyar rago. Aka tafa. Malam Rufa'i ya ce to, mai gida, bismilla.

Hannun Alhaji bai motsa ba.

Ya sake cewa bismilla, da ƙarfi. Dattawa suka riƙe cokula a tsaye suna kallon hannun Alhaji kamar masu duban wata. Tururin taliya ya fara raguwa. Malam Rufa'i ya yi dariyar yaƙe ya ce ashe ya manta wani ɓangare na tarihin, ya koma Rum. Wannan karon ya ƙara da cewa mutanen Rum ma shanu suke kiwo, kuma akwai alamar sun taɓa biyowa ta Gombe. Ya kai ƙarshe, ya ce bismilla. Cokalin Alhaji na nan inda yake. Kitsen rago ya fara daskarewa.

Ya sunkuya kunnen Alhaji ya ce loma ɗaya tak, don girman Allah, kwangila ce fa. Alhaji ya amsa ba tare da ya ɗaga kai ba: "Malam, ko titin gaba ɗaya za a ba ni."

Ya zagaya wurin Arɗo, ya durƙusa, ya ce Baba shi ne babba, in ya fara an yafe dokar. Arɗo ya gaya wa dalbejiya cewa shi a ƙoshe yake tun daga gida. Da yake Malam Rufa'i ya manta abin magana a hannunsa dab da cikin tsohon, sai cikin ya ƙaryata shi ta lasifika, har mata a kan katanga suka ji. Ba wanda ya yi dariya a fili, amma katangar ta girgiza.

Don ya rufe wannan, Malam Rufa'i ya miƙa wa Mista Karlo abin magana ya ce ya faɗi albarkacin bakinsa a kan kalmar kakanninsa. Baturen ya miƙe, ya dubi rago, ya dubi Alhaji, ya tattaro duk Hausar da ya koya wurin leburori ya ce, "Abinci?"

Malam Rufa'i ya karɓe abin magana ya fassara wa jama'a cewa Bature ya ce ilimi shi ne abincin zuciya. Daga tsallaken titi Ɗantala ya amsa cewa shi dai Hausa ya ji, kuma yana da maganin tambayar. Ya ƙara wa tukuba fifita, hayaƙin tsire ya tsallako ya zagaye teburin.

Sai Malam Rufa'i ya ce a kawo labule. In suruki bai ga suruki ba, ai magana ta ƙare. Aka ciro tabarma, Iro da wani dattijo suka riƙe ta a tsaye a tsakiyar tebur. Ya leƙa ɓangaren Alhaji ya ce to ga shi, ba kowa. Alhaji ya ce zai ji ƙarar tauna. Ya leƙa ɓangaren Arɗo, Arɗo ya ce tabarma ba ta raba shi da sanin wanda ke bayanta. Gefen tabarmar ya shiga miyar kuɓewa, da aka janye ta sai ta jawo miyar a kan farin zanen Inno, tun daga wannan kai har wancan. Daga kan katanga aka ji muryar Inno, a natse, tana cewa wata ta miƙo mata muciya.

Rana ta yi ƙasa. Mista Karlo ya fara duba agogo. Malam Rufa'i ya hango baburin ta ƙofar zaure, ledarsa na ƙyalli, ya ga kamar yana ja da baya. Nan ya yanke shawarar da ta gama da shi. Doka dai cewa ta yi mai gida ya ɗaga cokali, ba ta ce da ƙarfin wa ba. Ya zagaya bayan Alhaji, ya nannaɗo taliya a cokali mai yatsu, ya cusa masa a hannu, ya kama gwiwar hannun da hannu biyu ya ɗaga sama, yana shela ta lasifika cewa mai gida ya ɗaga.

Alhaji ya fizge. Taliyar ta bar cokali, ta haye tebur, ta sauka a kan farin rawanin Arɗo Bamanga, silinta biyu na reto a gaban goshinsa.

Wurin ya yi tsit har ana jin ƙarar kitse a tukubar Ɗantala. Arɗo ya miƙe a hankali. Bai taɓa rawanin ba, bai dubi kowa ba, ya ɗauki sandarsa ya bi titi da taliyarsa. Alhaji Joda kuwa ba wanda ya ga tashinsa, takalmansa kawai aka gani a ƙarƙashin kujera.

Iro ne ya fara magana. Ya ce shi dai shaida ne, cokali ya ɗagu. Dattawan da suka wuni da yunwa ba su nemi ƙarin fatawa ba. Suka watsar da cokula masu yatsu suka sa yatsun da Allah ya ba su. 'Yan kallo suka ga an buɗe, suka taso. Mista Karlo, bawan Allah, ya ɗaura ƙyalle a wuya, ya ɗauki wuƙar wanzami da cokali, yana neman inda zai soka cikin ladabi. Kafin ya sami hanya tsakanin kafaɗu, rago ya koma ƙashi. Malam Rufa'i na tsaye a kan benci yana roƙon jama'a ta lasifika su tuna da Rum.

Baturen ya ajiye kayan aiki, ya bi hancinsa ya tsallaka titi. Ɗantala ya tare shi da tsire mai zafi a takarda, ya barbaɗa yaji, ya yanka albasa, bai yi masa jawabin komai ba. Mista Karlo ya ci tsinke ya ƙara, ya ci ya ƙara, hawayen yaji na zuba yana dariya. Kafin a kira magariba duk Jekadafari ta ga sun tafa hannu, ta kuma ga Ɗantala ya shige gaban motar kamfani ya zauna.

Malam Rufa'i bai bi ta ƙofar gidan ba sai da aka tabbatar masa Inno ta tafi unguwa. Ya sami Alhaji a zaure. Alhaji bai ɗaga murya ba, bai ma ambaci kwangila ba. Ya ce nama ana sayarwa kullum, amma shi yanzu bai san da wace fuska zai taka rugar Arɗo ba. Ya yanke shawarar aika masa da baburin nan a matsayin ban haƙuri, kuma tunda Malam ne ya ɗauko tsohon, Malam ne zai kai. Ya miƙa masa makulli.

A nan wata gaskiya ta fito wadda ba a taɓa tambaya ba: Malam Rufa'i bai iya tuƙa babur ba. Keke ma sai a gangare. Haka ya kama ƙahonnin ya turo shi da ƙafa, ya ratsa Jekadafari da rana tsaka. Duk wanda ya tambaya, sai ya ce masa umarnin masu ƙera shi ne, sabon inji ba a hawansa a tafiyar farko. Ya wuce Tumfure yana gumi, daidai lokacin da ake sauke naman Ɗantala a ƙofar sansani. Mista Karlo ya gane shi, ya ɗaga masa hannu da fara'a ya ce, "Abinci?"

Arɗo Bamanga ya karɓi baburin. Ya zagaya shi sau ɗaya, ya sa aka ɗaure shi da igiya a gindin tsamiya kusa da maruƙa, aka ba Malam Rufa'i nono a ƙwarya. Ya tsuguna ya shanye tas, bai jira kowa ya ɗaga komai ba.

Da ya dawo majalisa, ƙafafu a kumbure, ya tarar an cika ana jiransa. Iro ya tambaye shi cikin ladabi ina babur ɗin wakili. Malam Rufa'i ya zauna, ya gyara hula, ya ɗauki wani agogo ya kara a kunne.

"Yana ruga. Ku da ba ku san harkar dukiya ba, a gida kuke ajiye ta. Ni kiwo na bayar."

Iro ya ci gaba da taka kekensa. "To, Allah ya sa ya haihu," in ji shi. "In ya haifi mace, a tuna da ni."